Ƙarar da Almakashi Ya Bari a Mota

A layin masu gyaran mota, tsakanin rumfar mai walda da ta mai fenti, akwai wani shago da warin gam yake tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. Nan Almakashi yake aiki. Kujerar mota yake ɗinkawa, da rufinta na ciki, da shimfiɗar ƙasa, kuma idan mota ta cika surutu shi ake kai wa ya rufe mata baki. Almakashi ba ya barin aljihun rigarsa, harshensa ma bai fi almakashin tausayi ba, shi ya sa sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ka kawo masa mota ka ce a yi maka sauri, sai ya dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka ko da ka sayo ta gudun tsiya ka yi da ita har gida.

Bai tashi da wannan bakin ba, rayuwa ce ta wasa masa shi. Gemu bai gama fito masa ba iyayensu suka rasu, suka bar masa ƙanwa, Auta, wadda ko takalmi ba ta iya sa wa daidai ba tukuna. Ya fara da cusa auduga a katifa wajen wani tsoho mai faɗa, daga nan ya koma kujerun gida, daga nan ya faɗa na mota ya zauna. Auta a ƙarƙashin teburin yanka ta girma. Kan guntayen soso take barcin rana, ƙarar keken ɗinki ce waƙar renonta. Har kitso ya koya saboda ita, wani irin kitso karkatacce da matan unguwa suke gani su riƙe ciki, su kwance su sake. Da zai aurar da ita ya saya mata 'yan kunne ƙanana na zinariya, kowanne da ɗan ƙwallo yana lilo a ƙasa, bai fi ƙwayar barkono ba. Da hannunsa ya sa mata, yana yi mata faɗa wai ta tsaya cak.

Mijin direban a-kori-kura ne, yana ɗauko tumatir da tattasai daga gonaki zuwa kasuwa. A layin nan Mai Kunne ake ce masa, kuma ya ci sunan. Motarsa tsohuwa ce, komai na jikinta kuka yake yi: ƙofa tana kaɗawa, ƙasa tana ruri, rufi yana rawa kamar faifan kwano. Amma a cikin wannan hargowar mutumin nan zai karkata kai ya ce noti ɗaya ya kwance a bayan taya ta hagu, a duba a tarar haka ne. Kanikawa har kiransa suke yi ya saurara musu injin da ya gagare su. Yana alfahari da abin, yana shafa kunnen kamar wani gadon gidansu.

Auta kan bi shi gona ta zaɓo kayan da take sayarwa a teburinta. Idan ta zo gaida wanta takan yi dariya ta ce, "Yaya, mutumin nan yana jin kukan noti, amma nawa sai ya nuna mini kunne ya ce ƙarar mota." Almakashi ya sha ce masa ya kawo motar a toshe mata ƙara, ko sisi ba zai karɓa ba. Mai Kunne ya ce a'a, shi da ƙarar yake sanin lafiyar motarsa.

Sai ga Auta da cikin fari. Da ya tsufa ƙafafun Auta suka kumbura, kai ya riƙa sara mata. Wata safiya suna dawowa daga gona, tana tsakiya, wata mai sayar da ƙwai da suka rage wa hanya tana bakin ƙofa. Suna dosar ƙofar asibiti Auta ta dafa hannun mijinta ta ce, "Ka tsaya nan, kaina zai tsage, duhu nake gani." Ya nuna kunne, ya taka mai. Ta sake faɗa, ya sake nuna kunne. Ba su yi nisa da asibitin ba ya ci birki, ya sauka, ya zagaya baya ya ɗaure wata sarƙa da ya ji tana bugun ƙarfe, ya dawo suka wuce kasuwa. A gaban teburinta Auta ta faɗi tana jijjiga. Kafin la'asar babu ita babu abin da ke cikinta.

Mai ƙwai ce ta gaya wa Almakashi duk wannan, tana kuka tana rantsuwa. A asibiti kuma ma'aikaciyar jinya ta miƙa masa ɗankunne ɗaya, ta ce ɗaya suka gani a kunnenta. Ya kawo shi shago ya jefa a aljihun keken ɗinki, cikin allurai.

A wajen zaman makoki Mai Kunne ya yi ta share ido yana cewa, "Wallahi ban ji ba. Kun san ƙarar motar nan." Mutane suka gyaɗa kai, suka ce ƙaddara ce. Ban da Almakashi. Ya tsani mutumin nan tsana mai nauyi, irin wadda ake kwana da ita a tashi da ita. Ba duka yake so ya yi masa ba, ba kotu yake so ba. Kalma biyu yake so ta fito daga wannan bakin a gaban shaida: na ji.

Shekara ba ta gama zagayowa ba Mai Kunne ya yi sabon aure. Wannan bai dami Almakashi ba, namiji ne, ya yi. Abin da ya kusa tsayar masa da numfashi shi ne ranar da a-kori-kurar ta shigo layin da hantsi tana kwaramniya, ta tsaya a ƙofar shagonsa.

"Yaya, barka da aiki," in ji Mai Kunne, yana wasa da makulli, idonsa na kan takalminsa. "Dama amarya ce. Wai ƙarar motar tana sa mata ciwon kai. Na ce duk garin nan babu mai hannunka."

Ciwon kai. Ka ji rashin ta-ido. Mai walda ya kashe wutarsa, ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya gyara tsayuwa, don ya tabbata yau za a raba faɗa. Mai fenti ma ya leƙo. Almakashi ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya miƙa hannu.

"Ajiye makullin," ya ce. "Kada ka leƙo sai na aika."

Da ya koma gida matarsa ta ajiye masa abinci ta tsaya a kansa. "An ce ka karɓi aikin mutumin nan."

"Na karɓa."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Akwai gishiri a miyar nan kuwa?"

"Akwai. Ni dai kada ka taɓa masa birki, titi ba nasa ba ne shi kaɗai."

Ya harare ta ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Gaskiyar magana, shi kansa bai san abin da zai yi ba a lokacin. Ya dai san ba zai bar motar nan ta je hannun wani ba.

Washegari ya fara tuɓe ta. Ya kwance kujera ya fitar, ya ɓalle murafan ƙofofi na ciki, ya sauke tsohon rufi da ya zama gidan ƙura. Ya kama shimfiɗar ƙasa, wata ruɓaɓɓiyar roba, ya yaye. A ƙarƙashinta akwai tarihin motar gaba ɗaya: busassun 'ya'yan tumatir, marfin biro, tsinken sakace, wani noti da tsatsa ta cinye. Yana sharewa da buroshi sai wani abu ya yi walƙiya a tsagar da ke kusa da ramin giya, daidai inda mai zama a tsakiya yake ajiye ƙafa. Ya sa bakin almakashi ya zaƙulo shi. Ɗankunne ne ƙarami, ɗan ƙwallonsa yana lilo.

Ya zauna a kan tsiraicin ƙarfen motar. Ya hango Auta tana riƙe kai da hannu biyu, tana murza shi don azaba har abin ya fita daga kunnenta, wancan kuwa yana kallon titi. Ya yi kuka, ba na hawaye masu yawa ba, irin na ƙirji. Da ya gama ya riƙe ɗankunnen da yatsa biyu yana juya shi, sai ɗan ƙwallon ya taɓa ƙarfen bango. Ƙis. Ya sake matso da shi. Ƙis. Nan take ya san aikin da zai yi.

Bai taɓa yi wa mota aiki irin wannan ba, har motocin manya. Ya wanke ƙarfen tas da fetur, ya sa mai walda ya toshe duk hujin da tsatsa ta yi. Ya yanko faifan kwalta mai bayan azurfa, yana gasa shi da iska mai zafi yana mannawa, yana bi da abin murzawa har sai ya kwanta babu ko kumfar iska. Ƙasa, cikin ƙofofi, rufi, kan tayoyi, bangon da ya raba inji da ƙafar direba, babu inda ya tsallake. Yakan ƙwanƙwasa da bayan yatsa: inda ƙarfe ya amsa da ƙara ya ƙara masa, sai ya ji ya amsa a daƙile kamar an bugi buhun gari. A kan kwaltar ya shimfiɗa soso, a kan soson bargo mai kauri. Ya naɗe kowace waya da ƙyalle don kada ta taɓa ƙarfe. Ya sauya robar ƙofofi da ta gilasai, ya ɗinka wa giya sabuwar riga. 'Yan hujojin da ruwa yake bi ya fita a gindin ƙofa kawai ya bari, don shi ba ya aikin da zai ruɓar da mota, ko ta maƙiyi ce.

Mai walda ya kasa haƙuri ya ce, "Kai kam ban gane maka ba. Mutumin da ya yi maka wannan aika-aikar kake yi wa aiki kamar motar surukin gwamna?"

"Ka kula da wutarka kada ka ƙona mini soso," in ji Almakashi.

Bangon bayan kujera ya bari ƙarshe. Akwai wani ƙarfe mai rami a ciki da ya ratsa bangon, daidai inda kan mai zama a tsakiya yake jingina. Ya ɗauko zaren ɗinkin kujera, wanda ba ya tsinkewa, ya ɗaure ɗankunnen, ya zura shi cikin ramin. Ya yi ta gwada tsawon zaren. Idan mota tana tsaye, shiru. Idan ta hau titi ta miƙe, ƙwallon zai riƙa sumbatar ƙarfe. Kuma ƙara idan ta shiga ƙarfe mai rami yawo take yi, ka ji ta a dama alhali tana hagu. Duk rayuwarsa farautar irin wannan ƙarar yake yi yana kashewa. Yau ya shuka guda da hannunsa, ya rufe ta da soso da bargo, ya mayar da kujera.

Ranar karɓa Mai Kunne ya rufe ƙofa ya ji ta ce dib, ya tayar da inji ya ji kamar daga maƙwabta yake. Baki har kunne. Ya yi godiya ya yi godiya. Almakashi ya ce, "A sauka lafiya," ya koma kan kekensa.

Ba a yi mako ba labari ya fara shigowa layin. An ga Mai Kunne wajen bakanike, wai akwai wani abu yana ƙis-ƙis a motar. Bakanike ya shiga suka zaga, ya ce shi bai ji komai ba, motar nan ai ko ɗakin kwana albarka. Mai Kunne ya zazzage akwatin gaban mota, ya ɗaure jak da tsumma, ya cire abin da yake rataye a madubi, ya raba makullan gida da na mota. Ƙis. Ya sauya robobin ƙafar mota da lafiyarsu ƙalau. Ya sa aka sauke allon gaba aka mayar. Ƙis, ƙis. Ya ƙure rediyo, abin ya bi ta ƙarƙashin waƙa ya same shi. A da, cikin hargowa, kowace ƙara yana sanin sunanta da gidanta. Yanzu duniya ta yi tsit an bar shi da guda ɗaya tak, kuma bai san ta ba.

Amarya ta ce ita ba ta jin komai, ya daina tsayar da su a hanya. Ya daka mata tsawa ta yi shiru yana saurare, ta yi fushi ta daina shiga motar da aka gyara dominta. 'Yan kasuwa suka fara gudun ɗaukarsa, don sai ya tsaya a tsakiyar rana da tumatir a baya ya kwanta ƙarƙashin mota yana ƙwanƙwasa. A layin kuwa tsokana ta samu wurin zama. Mai fenti ya ce a nemo mai ruƙiyya, bakanike ya ce kunnen ne ya yi tsatsa a zuba masa baƙin mai. Mutumin ya rame, idonsa ya faɗa. Duk wanda ya kawo wa Almakashi labari sai ya ce, "Allah sarki," ya ci gaba da taka keke. Daɗi yake ji, kuma bai ɓoye wa kansa ba.

Matarsa ta dube shi wata rana yana cin abinci har da neman ƙari. "Kai ne ko?"

"Ni ne me?"

"To. Allah ya kyauta," ta ce, ta ƙara masa.

Ƙarshe dai Mai Kunne ya zo da kansa, wata rana bayan azahar. Bai yi wasa da makulli ba wannan karon. "Yaya, ka taimake ni. Akwai abu a motar nan. Kowa ya ce babu, ni kuwa ina ji. Ko barci na kwanta ina ji."

Almakashi ya gama layin ɗinkin da yake yi, ya yanke zare. Ya buɗe aljihun keke ya ɗauki wani abu ya sa a aljihu, ya ɗauki sukudireba. Sannan ya leƙa rumfar maƙwabcinsa. "Zo ka raka mu, kunne uku ya fi biyu." Mai walda ya goge hannu ya biyo su. Almakashi ya shiga tsakiya, mai walda ya zauna bakin ƙofa.

"Bi ta hanyar gona," in ji Almakashi, "ka juyo kamar za ka kasuwa."

Suka hau titi. Shiru a motar har kana jin numfashin na kusa da kai. Can sai Mai Kunne ya ɗaga yatsa. "Ga shi nan. Kun ji?"

Mai walda ya karkata kai, ya runtse ido, ya ce shi wallahi ko alama.

"Ga shi kuma. Ƙis. Kamar ƙwayar wani abu tana taɓa ƙarfe."

"Kunnenka da kyau," in ji Almakashi. "Ci gaba."

Suka juyo. Katangar asibiti ta bayyana a gaba, ga ƙofar, ga masu sayar da lemo a bakinta. Almakashi ya jingina kansa da bango, ya dafa hannun direban, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ƙasa da yadda mai ciwo zai yi.

"Ka tsaya nan, kaina zai tsage, duhu nake gani."

Motar ta yi tangal-tangal. Mai Kunne ya ci birki har mai walda ya dafe gilashi. Suka tsaya a gefen titi, daidai ƙofar. Mai Kunne bai juyo ba.

Almakashi ya ce su sauka. Ya ture kujera gaba, ya kwance sukurori, ya ɗaga bargo da soso, ya zura yatsa ya jawo zaren a hankali. Ɗankunnen ya fito yana juyawa a rana. Ya ciro ɗan'uwansa daga aljihu ya haɗa su a tafin hannu, ya miƙa gaban fuskar mutumin.

"Ka san su?"

Mai Kunne ya ƙura musu ido.

"Wannan ƙwallon bai kai ƙwayar barkono ba. Ta bayan soso da bargo da kwalta ka ji shi, har ya hana ka barci. Ranar da Auta ta rasu ma ka ji sarƙa tana bugun ƙarfe a bayan mota, ka tsaya ka ɗaure ta. Ƙanwata tana jikinka, kafaɗa da kafaɗa. Ina tambayarka a gaban mutumin nan, kuma sau ɗaya zan tambaya."

Masu lemo sun fara kallo. Mai Kunne ya sulale ya zauna a matakin motar, ya riƙe kai.

"Na ji," ya ce. Ya maimaita. "Na ji ta, Yaya. Duka biyun na ji. Rana ta yi, kaya za su lalace, na ce in sauke mu dawo. Na ɗauka irin ciwon kan da ta saba ne."

Mai walda ya kau da kai yana salati a hankali. Almakashi ya tsaya yana kallon ƙeyar mutumin. Abin da ya tokare masa ƙirji tun ranar makoki ya ɗan motsa, amma bai fita ba, kuma ya gane ba zai fita ba. Bai ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Ya mayar da ɗankunne ɗaya aljihu. Ɗayan ya riƙe zarensa, ya sunkuya cikin motar ya sake zura shi a ramin, ya daidaita tsawon kamar yadda yake. Ya mayar da soso, ya mayar da bargo, ya ɗaure sukurori ɗaya bayan ɗaya, ya turo kujera.

"Yaya," in ji Mai Kunne, "ba cirewa za ka yi ba?"

"Nuna maka na zo yi. Ka ga wurin, ka ga sukurorin. Duk ranar da ka ga za ka iya, ka cire da hannunka."

Ya sa sukudireba a aljihu kusa da almakashi, ya ce wa mai walda su tafi, suka tako da ƙafa har layin.

Almakashi yana nan a shagonsa, gashi ya yi fari, baki bai mutu ba. Mai Kunne ma yana nan yana jigilar tumatir, sai dai kanikawa sun daina kiransa sauraren inji, shi ma ya daina shafa kunne. Motar ta sha gyara tun daga lokacin, an sauya mata inji, an sake mata fenti. Bakanike ya ce duk wanda ya kai hannu bayan kujerar nan, mai motar sai ya ce a bar wurin.